Filin Jirgin Saman Malabo da Maƙwabtansa

Mutumin da ke zaune a Nkomkana ko Briqueterie, unguwar Hausawa a birnin Yawunde, idan ya yi zancen tafiya mai nisa, arewa yake nufi: Garwa, Marwa, ko Kano. Amma akwai wani babban filin jirgin sama na wata ƙasa wanda ya fi Garwa kusa da shi. Shi ne filin Malabo, a tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Daga Yawunde zuwa can kamar kilomita 300 ne a miƙe, daga Duwala kuwa ɗari da 'yan kai.

Filin yana yamma da garin Malabo, kusa da wani zirin ƙasa da ake kira Punta Europa. Titin tashi da sauka guda ɗaya ne, tsawonsa ya kusa kilomita uku. A kudu akwai dutsen Basile mai tsayin mita 3,011, a ƙetaren ruwa kuma ga dutsen Kamaru wanda ya ɗara mita 4,000, ga yawan ruwan sama da gajimare. Har yau alamar filin a takardun jirage ita ce SSG, domin Santa Isabel ake ce wa garin a zamanin Turawan Sifen, sai a 1973 aka sauya masa suna.

Girman filin bai taka kara ya karya ba. Wurin da yake shi ya ba shi daraja. Malabo ta fi kusa da Duwala da Kalaba a kan Bata, babban garin ƙasar a ɓangaren tudu. Saboda haka duk abin da ya taɓa kudancin Nijeriya ko Kamaru, sai ya taɓa wannan tsibiri.

An ga haka a lokacin yaƙin basasar Nijeriya. A 1968, bayan sojojin tarayya sun rufe wa Biyafara hanyoyin ruwa da na ƙasa, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta mai da filin Santa Isabel sansaninta. Da dare jirage ke tashi da abinci da magunguna, su sauka a Uli, inda aka faɗaɗa titin mota ya zama filin jirgi. Gwamnatin Legas ba ta ji daɗin wannan ba, don tana ganin masu safarar makamai suna fakewa da jiragen agajin. Ana cikin haka Ikwatoriyal Gini ta sami 'yancin kai a Oktoba 1968. Sabon shugaba, Macías Nguema, ba ya son ɓata wa babbar maƙwabciyarsa rai, a Janairu 1969 ya hana jigilar. Dole Red Cross ta buɗe wani sansani a Kwatano. Ranar 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Nijeriya ya harbo ɗaya daga cikin jiragenta, daga nan ta dakatar da aikin. Ƙungiyoyin coci ne suka ci gaba daga tsibirin Sao Tome har ƙarshen yaƙin a Janairu 1970.

Mulkin Macías ya talauta tsibirin. Leburorin Nijeriya da ke aikin koko a can, wurin da suke kira Panya, gwamnatinsu ta kwashe su dubbai tsakanin 1975 da 1976. Filin ya daɗe shiru.

Man fetur ne ya farfaɗo da shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Amurka suka cika tsibirin, a 2007 kuma masana'antar sarrafa iskar gas ta fara aiki a Punta Europa, daf da filin. Dukiya ta jawo masu kwaɗayi: a Maris 2004 aka tsare wani jirgi a Harare ɗauke da sojojin haya ƙarƙashin Simon Mann, ɗan Birtaniya, waɗanda suka yi niyyar sauka a Malabo su kifar da gwamnati.

Ta kuma jawo talakawa masu neman halali, 'yan kasuwa da magina da teloli daga Kamaru. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, wato sefa, tun da Ikwatoriyal Gini ta karɓe shi a 1985, kuma a 2017 ta amince da yarjejeniyar shige da fice ba biza tsakanin ƙasashen CEMAC. A takarda ke nan. A 2021 da 2022 hukumomin ƙasar sun yi kamen baƙi marasa takardun zama, aka maido da 'yan Kamaru da yawa gida.