Harvey Milk: Kansilan Da Aka Harbe A Ofis, Da Abin Da Fim Ya Tsallake

Yau tarihin siyasar Amurka zan taɓo, kan batun da ba a saba tattaunawa a zaurukanmu ba, wato yadda masu neman jinsi suka fara shiga majalisa. Kowa ya san matsayin addininmu, da dokar da Najeriya ta kafa a 2014. Tarihi kawai zan kawo, domin akwai darasin siyasar unguwa a ciki.

Harvey Milk baƙo ne a San Francisco. Daga New York ya koma can a 1972, ya buɗe shagon kayan hoto a unguwar Castro, inda ire-irensa suka taru. Ya tsaya takara a 1973 da 1975 da 1976, duk ya sha ƙasa. Abin da ya cece shi canjin tsarin zaɓe ne. A da, duk birnin ke zaɓen kansiloli gaba ɗaya, sai aka koma kowace gunduma ta zaɓi nata. Ƙuri'un Castro da suke ɓacewa cikin na birni sai suka yi nauyi, ya ci kujera a 1977. Mu mazauna Sabo da Agege mun fahimci wannan lissafi: inda aka ja layin mazaɓa ne ke nuna ko baƙo zai samu wakili.

Bai cika shekara a kujerar ba. A 1978 ya yi yaƙi da wani ƙudiri na korar malamai masu neman jinsi daga makarantun gwamnati a California, kuma jama'a suka kada ƙudirin. A ranar 27 ga Nuwamba, wani kansila mai suna Dan White, wanda ya yi murabus sannan aka ƙi mayar masa da kujerarsa, ya shiga ginin majalisar ya harbe magajin gari George Moscone, sannan ya harbe Milk. A 1979 kotu ta yanke masa hukunci mai sauƙi, abin da ya jawo tarzoma a birnin, daga baya aka ɗaure shi shekara 7 da wata 8 kacal.

To yaya fim ya ba da labarin? Daga 1934 zuwa 1968 dokar tace finafinan Hollywood ce ke aiki, kuma kusan duk tsawon lokacin ta hana nuna irin waɗannan mutane ƙarara. A 1984 Rob Epstein ya haɗa The Times of Harvey Milk da ainihin hotuna da hirarraki, har da shari'ar da tarzomar. A 2008 Gus Van Sant ya fitar da Milk, wanda Sean Penn ya ci Oscar da shi. Wannan kuwa a jerin gwanon kyandir ya tsaya, shari'ar sai a 'yan rubuce-rubucen ƙarshe.

Mai kallo zai ɗauka Milk ne na farko. Ba shi ba ne. Mata biyu sun riga shi a 1974: Kathy Kozachenko a birnin Ann Arbor, da Elaine Noble a majalisar jihar Massachusetts. Amma mai shirya fim gwarzo ɗaya yake nema, musamman wanda aka kashe. Don haka duk wanda ya kalli fim ɗin tarihi, ya tambayi wa aka bari a waje.

Allah Ya kare mu daga siyasar zubar da jini. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.