Allurar Zazzau: Daga Zauren Malamai zuwa Ɗakunan Mata

Wanda ya bi layukan teloli a Tudun Wadan Zariya ana gab da Sallah, ƙarar injin surfani ce za ta cika masa kunne. Cikin yini guda an gama wuyan riga, an goge, mai ita ya biya ya kama gabansa. Da zai ratsa Ƙofar Doka ya shiga birni, zai tarar da wani aikin da ba ya ƙara kuma ba ya sauri, wanda riga ɗaya kan cinye watanni a hannun mai yinsa. Ɗinkin hannu ke nan, kuma tun kaka da kakanni kuɗinsa yake riƙe da mutanen da ba su da ƙarfi.

Asalinsa aikin maza ne, kuma yawanci masu karatu. A ƙarni na 19 babbar riga ita ce kyautar girma. Sarki ya naɗa hakimi, sai riga; an aika gaisuwa Sakkwato, da riguna a cikin kayan. Zanen da ake bi da allura kuwa sai mai hannun rubutu, don da alƙalami da tawada ake fitar da aska biyu ko aska takwas, da tambari, a kan saƙi ko farin ƙyalle. Malami ya zana, gardawa su zauna a zaure su cike. Zaren tsamiya suke amfani da shi, wanda ake samu daga gidan wata tsutsar daji, ko kuma jan alharinin da fatake ke ƙetaro hamada da shi. Ladan aikin shi ne cin gardi da suturarsa har ya sauke karatu. Saboda haka attajirin da ya sayi riga mai aiki ya tallafi makarantar allo, ko bai yi niyyar sadaka ba. Rigar kuma ba ta shekara ɗaya ba ce: a sa ta, a wanke, a kai wa mabuga su fito da sheƙinta, ranar rabon gado a ƙirga ta cikin dukiya.

Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya sauya fasalin garin. Turawa suka ware Sabon Gari, daga baya Tudun Wada ta zama mazaunin 'yan Arewa da aiki ya kawo, keken ɗinki da yadin kanti suka yawaita. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Duk da haka allura ba ta mutu ba. David Heathcote, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekaru yana tattara zanen riguna da huluna daga hannun masu yi, har ya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Babban canji ya zo ne daga wajen ƙarshen shekarun 1970. Kuɗin mai ya shigo, siyasar 1979 ta sa kowane ɗan takara neman babbar riga, samari kuma suka koma kan inji saboda ya fi kawo kuɗi nan take, wasu suka kama aikin albashi. Allura ta rasa masu riƙe ta, sai matan aure suka ɗauka. Da ma sun saba da ɗinkin hula, kuma sana'a ce da ta dace da kulle: ba talla, ba fita, yaro ya kawo ƙyalle da zare, yaro ya mayar. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara tura su ciki, don albashin maigida ya daina kai wata.

Sai mutum ya ga aikin da idonsa zai san wahalarsa. Mace na zaune a kan tabarma bayan ta sauke tukunya, aljihun shadda shimfiɗe a gwiwarta. Ta huda ɗan rami da allura, ta zagaye bakinsa da zare har ya tsaya daram, ta matsa gaba kaɗan ta sake wani, ɗaruruwa a jere, kuma dole su fito kai ɗaya. A ganina wajen lada ne aka fi cutar su. Mai riga ko dillali shi ke ba da kaya, shi ke yanke lada, shi ya san nawa za a sayar a Kano ko Kaduna. Ita ba ta taɓa ganin mai saye ba, balle ta yi ciniki.

Wannan giɓin ne ƙungiyar Queen Amina Embroidery ta zo toshewa. A 1994 Elisha Renne, wata malamar jami'a daga Amurka da ta zo bincike Zariya, ta haɗa kai da Hassana Yusuf suka tara gwanayen mata a ƙarƙashin sunan Sarauniya Amina. Dabararsu mai sauƙi ce. Zanen da aka sani a ƙirjin riga sai aka mayar da shi kan kayan amfanin yau da kullum, irin su rigar matashin kai da jaka da doguwar rigar mata, ana sayarwa kai tsaye, kuɗin ya dawo hannun masu ɗinkin. Kayansu sun kai kasuwar masu sana'ar hannu da ake ci kowace shekara a Santa Fe ta Amurka, kuma kamfanin Ibu na birnin Charleston ya yi aiki da su. Irin wannan ciniki ma da allura ya fara a Amurka: a 1946 wata mata, Edna Ruth Byler, ta riƙa ɗaukar ɗinkin matalautan matan Puerto Rico a bayan motarta tana sayar musu, abin da ya haifi shagunan Ten Thousand Villages.

Abin lura shi ne, tausayi sau ɗaya yake sa a yi sayayya. Wadda ta dawo karo na biyu, ta dawo ne don ta wanke rigar ta ga zare bai tsinke ba; sayen nagari, mai da kuɗi gida. Abin da ke shigowa kuwa ba a ɓoye yake ba, a kuɗin makarantar yara da magani da kayan ɗakin 'ya mace yake tafiya.

Sai dai kasuwar waje ƙarama ce, mata ƙalilan take ɗauka. Mafi yawan masu ɗinki a birni har yau dillalai suke yi wa aiki. Ga masaƙun Kaduna sun durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, yadi da zare sun koma na shigowa, farashinsu na bin dala. Ga kuma injin kwamfuta da ke kwaikwayon aska takwas cikin sa'o'i, da rigunan da ake kawowa daga Sin an riga an yi musu aiki. Masu riƙe da kasuwar ɗinkin hannu a gida yanzu su ne sarakuna da masu naɗi da angwaye da manyan 'yan siyasa, mutanen da kan juya bayan ƙyalle su duba zare kafin su taya.