Tawada Mai Launi Tsakanin Shuɗi da Tsanwa, da Matsayinta a Tarihin Rubutun Hausawa

Akwai wata irin tawadar kwalba da ake ɗura wa alƙalami mai shan tawada, wadda launinta ya tsaya tsakanin shuɗi da tsanwa. Tana da kyaun gani ƙwarai, tana kuma gudu a kan takarda ba gardama. Abin da wannan takarda ke nufi shi ne ta auna ta da ma'aunin da malaman ƙasar nan suka daɗe suna auna tawada da shi, watau aikin da aka yi ta dominsa, da kuma daɗewarta bayan mai rubutu ya shuɗe.

Sai mu fara da suna. Kalmar tawada, wadda ake ce wa taddawa a wajen Sakkwato da Katsina, daga Larabci ta fito, inda dawat ke nufin kurtu. Ta ɗin nan da ke farkonta alama ce ta cewa ta bakin Buzaye ta biyo kafin ta iso mu, kamar yadda takarda ta biyo. Launin da muke magana a kai kuwa ba shi da suna guda a Hausa. Muna da shuɗi, muna da tsanwa da kore da algashi, sa'an nan muna da hanyar nan ta cewa ruwan kaza, kamar ruwan toka da ruwan goro da ruwan bula. Amma iyakar da ke tsakanin shuɗi da kore ba ta da ƙarfi a bakinmu. Babbar rigar da aka rina da baba aka buga da shuni har tana ƙyalli, kore ake kiranta, alhali kuwa ido shuɗi mai duhu yake gani. Rinin da ya kama sosai ma baƙi marina ke ce masa. Saboda haka a nan za mu kira ta shuɗiya-tsanwa, don dai magana ta tafi.

Malamin da ya gaji rubutu ba ya ce tawada kawai ya yi shiru, sai ya faɗi wace iri. Akwai zuge, wanda ake yi da gawayi, galibi na aduwa, a niƙa a haɗa da ƙaro. Wannan ta allo ce, an yi ta ne musamman don ta wanku: almajiri ya haddace, ya wanke, malam ya ɗora masa wani, haka kuma mai rubutun sha. Akwai kuma wadda ake yi don takarda, wadda ake so ta zauna. Ana dafa bagaruwa da kashin maƙera ko wani guntun ƙarfe, a sa ƙaro, ruwan ya yi duhu, in ya shiga jikin takarda ba ya fita. Ita ce ake gani ta koma ja-ja kamar makuba a littattafan zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello, a kan takardar nan ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. A cikin 2011 wata masaniya daga Amurka, Michaelle Biddle, ta buga bincike a kan tawadar littattafan Arewa, inda ta tattara hanyoyin haɗi daga bakin malamai ta gwada su da abin da awo ya nuna.

Wurin da launi ya fi muhimmanci shi ne Alƙur'ani rubutun hannu, kuma nan ne ya kamata mu ɗan tsaya. Baƙaƙe da baƙar tawada ake rubuta su, wasula da ja, hamzar da ake furtawa da rawaya, alifun da ake tsallakewa in an sadar da karatu kuwa a ɗiga masa tsanwa. Ba mu muka ƙago wannan tsari ba. Abu Amru Addani, malamin Andalus wanda ya rasu a 1053, ya bayyana shi a littafinsa na ɗige-ɗigen Mus'hafi, daga can ya bi Magrib ya iso mu tare da ruwayar Warshu. Ke nan launi a wurin alaramma umurni ne ga harshe: ɗigon tsanwa yana cewa kada ka furta, ɗigon rawaya yana cewa furta. Wanda ya musanya su ya ɓata karatu. Sai dai tsanwar ita ce mafi rauni cikin huɗun. Inda aka yi ta da tsatsar jan ƙarfe, abin da Larabawa ke kira zinjar, farkonta shuɗiya-tsanwa ce mai haske, amma in ta sha danshi sai ta rine ta koma duhu, ta ci takarda har ta huda ta. Ashe tun da can wannan launi ne mai wuyar riƙewa.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kuma mai da hedkwata Kaduna daga Zungeru a 1917, sai tawadar kwalba ta shigo ofisoshin gwamnati da na En'e, da makarantun boko irin wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Wadda akawuna suka fi aiki da ita shuɗiya-baƙa ce, irin wadda wani likita a Ingila, Henry Stephens, ya fito da ita a shekarun 1830. Abin sha'awa, asalinta ɗaya da tawadar bagaruwa: ƙarfe ne da ruwan itace mai bauri. An dai ƙara mata shuɗin rini don mai rubutu ya ga abin da yake rubutawa, bayan 'yan kwanaki iska ta bugi ƙarfen sai rubutun ya yi baƙi ya zauna. Shi ya sa takardun haraji da na shari'a na wancan zamani suke karantuwa har yau.

Shuɗiya-tsanwa dabam take. Rini ne zalla da aka narka a ruwa, daga cikin rine-rinen masana'anta da suka fara samuwa bayan 1856. Alƙalami mai shan tawada yana da ɗan siririn magudani daga cikinsa zuwa bakinsa, wanda ƙaro ko garin gawayi zai toshe nan da nan, don haka ba a ɗura masa zuge, sai alƙalamin gamba. Rini kuwa ba shi da tsaki, shi ya sa take gudu, ba ta cin bakin alƙalami, kuma a takarda mai kauri takan yi duhu inda hannu ya tsaya, ta yi haske inda ya wuce da sauri. A takardar littafin 'yan makaranta mara kauri sai ta nashe, ta yi naso har baya. Ɗigon ruwa ɗaya yana kwashe ta. Sau da yawa kuma haɗin rini biyu ce, shuɗi da rawaya ko kore, kuma rana ba ta cin su daidai, sai launin ya karkata gefe guda kafin ya koɗe. Malamin kwalejin horon malamai yana iya nuna wa ɗalibansa wannan cikin darasi guda: a ɗiga ta a takarda mai shan ruwa, a tsoma gefen takardar cikin ruwa, za a ga launukan sun rabu suna hawa.

Kaduna wuri ne da ya dace a yi wannan tunani. A kan titin Rabah, hanyar da ta nufi Malali, akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar wurin adana tarihi a farkon shekarun 1970, akwai kuma littattafan Larabci da na ajami a ciki. A Malali ɗin aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya a 1973, lokacin da biro ya fara korar alƙalami mai shan tawada daga hannun 'yan makaranta. Unguwar tana kusa da kogi, damina kuwa a Kaduna takan kai wata shida, danshi yana shiga akwati da kabad. A irin wannan wuri rubutun bagaruwa mai shekara ɗari da hamsin yana iya fin wasiƙar da aka rubuta da rini a shekarun 1960 karantuwa.

A ganina, wannan ne ya kamata masu tattara tarihi su lura da shi. Hankalinmu ya tafi ga littattafan jihadi, kuma sun cancanta, amma wasiƙun 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko, da rubutun farko na mawaƙa da marubuta, da rajistar makarantu, waɗanda aka yi da tawadar rini sun fi su kusa da ɓacewa. Su ya kamata a fara ɗauka a hoto, a raba su da rana da danshi. Wanda kuma yake riƙe da rajista ko littafin sakamakon jarrabawa, in da alƙalami mai shan tawada yake aiki, ya nemi shuɗiya-baƙa mai ƙarfe, ko wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ruwa ba ya wanke ta, ya bar shuɗiya-tsanwa ga wasiƙar zumunci da gyaran aikin ɗalibai.