Gwajin Kansar Furostet: Abin da Ya Kamata Magidanci Ya Sani Tun Fitsari Bai Fara Ba Shi Wahala Ba

A Najeriya babu ciwon dajin da ya fi kama maza kamar na furostet, wanda mutane suka fi kira kansar mafitsara. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna kimanin mutum 18,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan a shekara guda. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta riga ta shiga ƙashi. Alhali kuwa da ɗan jinin da za a ɗiba a hannu ana iya hango ta tun mutum yana ganin kansa garau.

Mene ne furostet?

Wata ƴar tsoka ce mai girman ƙaramin goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta zagaye hanyar fitsari. Ita ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan shekaru suka ja takan kumbura ta matse hanyar fitsari, kuma yawancin wannan kumburin ba kansa ba ne. Sai dai alamomin biyun suna kama da juna, likita ne kaɗai zai bambance su.

Me ya sa ba a jiran alama?

Domin a farko cutar ba ta nuna komai. Mutum yana harkarsa a kwatar Oko-Oba ko kasuwar Mil 12, yana cin tuwonsa, ita kuma tana girma shiru. Alamomi sukan zo daga baya: yawan tashi fitsari da dare, fitsari ba ƙarfi, ɗigo bayan an gama har ya hana alwala zama, jini a fitsari ko maniyyi, ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi tafiya. A nan ne da yawanmu ke cewa ai sanyi ne ko basir, a wuce kemis ko wajen mai magani a bakin tasha, a yi ta ɓata watanni.

Alƙaluman Amurka sun nuna kusan duk wanda aka gano cutarsa ba ta bazu ba yana raye bayan shekara 5. Idan ta kai sassa masu nisa, waɗanda ke kai hakan ba su kai rabi ba. Farfesa Wole Soyinka ya sanar a Nuwamba 2014 cewa ya yi fama da ita kuma an yi masa magani, ya kuma haura shekara 90 a duniya. Gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ita ce ta yi ajalinsa a Jamus a Disamba 2023, kamar yadda iyalansa suka bayyana.

Wa ya kamata ya fara, kuma yaushe?

Baƙar fata sun fi shiga haɗari. A Birtaniya an ƙiyasta namiji 1 cikin 8 zai kamu a rayuwarsa, amma a baƙaƙe 1 ne cikin 4. Shi ya sa ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka ke ba baƙar fata shawarar su fara magana da likita a shekara 45, maimakon 50. Wanda a gidansu fiye da mutum ɗaya, kamar mahaifi da ɗan'uwa, suka kamu da wuri, ya fara a 40.

Yadda ake gwajin

Na farko shi ne gwajin jini na PSA, wanda ke auna wani sinadari da furostet ke fitarwa. Likitoci da dama sukan ɗauki 4 a matsayin iyakar da za a ƙara bincike. Tsakanin 4 da 10, kusan mutum 1 cikin 4 ne ake samu da kansa. Ka ga ke nan hauhawar lamba ba hukunci ba ne, domin kumburi ko ciwon hanyar fitsari ma na ɗaga ta. A guji saduwa da iyali da tuƙa keke mai tsanani kwana 2 kafin gwaji, a kuma faɗa wa likita magungunan da ake sha.

Na biyu shi ne likita ya sa safar hannu ya taɓa furostet ta dubura. Wannan ne ke korar dattawanmu saboda kunya, amma bai fi minti ɗaya ba, kuma kana iya neman likita namiji. Idan akwai shakku sai a yi hoton MRI, ko a tsinci ɗan nama a auna. Wannan na ƙarshen ne ke tabbatar da cutar.

Wanda lambarsa ke ƙasa da 2.5 yana iya maimaitawa bayan shekara 2, wanda ta kai haka ko ta wuce kuwa duk shekara. A adana takardar sakamako, saboda yadda lambar ke hawa yana da muhimmanci.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Wata kansar tafiyar hawainiya take yi, likita kan ce a sa mata ido kawai. Tiyata, gashi da allurar rage sinadarin maza na iya taɓa ƙarfin namiji ko riƙe fitsari. Saboda haka a zauna da likita a ji amfani da illa kafin a yanke shawara.

Ina za a je a Legas?

Mazauna Agege na iya farawa daga Babban Asibitin Orile-Agege. Idan ana bukatar ƙwararren likitan mafitsara, akwai LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba, inda aka buɗe cibiyar kansa ta NSIA-LUTH a 2019. Idan an yi gwajin a ɗakin awo mai zaman kansa, a kai wa likita sakamakon ya fassara.

Alhaji, idan ka cika 45, kada ka ce sai ka koma gida Kano ko Sakkwato da Sallah. Ka yi a nan, ka kuma tambayi yayyenka ko sun yi nasu.