Tarihin GPS Da Yadda Aka Gano Ana Iya Yi Masa Ƙarya

A watan Yunin shekarar 2017, kyaftin ɗin wani jirgin ruwa da ke kusa da tashar Novorossiysk ta ƙasar Rasha, a gaɓar Bahar Aswad, ya dubi na'urarsa ta GPS, sai ta shaida masa cewa jirginsa yana kan tudu, a filin jirgin saman Gelendzhik, fiye da kilomita 30 daga inda yake. Ga shi kuwa ruwa yake gani gabas da yamma. Ya bincika na'urar, bai sami wani lahani ba. Da ya tuntuɓi maƙwabtansa, ashe jirage aƙalla 20 ne na'urorinsu suka kwashe su suka jibge a wannan fili guda. Shi kyaftin bai ruɗe ba, domin gani ya kori ji. Ita kuwa na'urar ji kaɗai gare ta. Ta saurara, ta yi lissafi, ta gaskata abin da aka faɗa mata, kamar yadda aka ƙera ta ta yi. Domin mai karatu ya fahimci yadda aka zo nan, dole a koma baya shekara sittin.

A ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Wasu masana biyu a ɗakin binciken Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka kasa kunne ga ƙarar da yake fitarwa ta rediyo. Suka lura tana yin kaifi idan yana tahowa, ta yi kauri idan ya ba da baya, kamar dai odar motar da ta wuce mutum a guje. Daga wannan sauyi suka lissafo hanyar da tauraron yake bi. Sai wani na gaba da su, Frank McClure, ya juya tambayar: idan wanda ya san inda yake tsaye yana iya gano inda tauraro yake, ashe wanda ya san inda tauraro yake yana iya gano inda shi kansa yake tsaye. Wannan tunani ne ya haifi tsarin Transit, wanda jiragen yaƙin Amurka masu nutso suka fara aiki da shi a 1964. Sai dai yana da nawa, domin sai an zauna jiran tauraro ya gitta.

A Disambar 1973 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta amince da sabon shiri a ƙarƙashin Kanar Bradford Parkinson na rundunar sojan sama. An harba tauraron farko a Fabrairun 1978, kuma tsarin bai kammala da taurari 24 ba sai a 1995. Shi ne GPS.

Asirin tsarin agogo ne. Kowane tauraro yana shawagi a nisan kilomita 20,200, ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, kuma ba ya fasa maimaita magana ɗaya: ni wane ne, ga inda nake, ga lokacin da na yi wannan magana. Saƙon yana tafiya da saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Na'urar da ke ƙasa takan auna jinkirin isowarsa, ta mayar da jinkirin nisa. Taurari huɗu take buƙata, uku domin wuri, na huɗu domin gyara nata agogon mai araha. Idan aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, an kauce da mita 300. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan shi ne, na'urar ba ta aika wa tauraro komai, ba ta tambayarsa, ba ta neman hujja. Saurare kawai take yi.

Tun farko sigina iri biyu aka tsara. Na soja an kulle shi da lambobin sirri, na farar hula kuwa a buɗe yake, an ma wallafa yadda aka shirya shi domin kowane kamfani ya iya ƙera na'urar da za ta karɓe shi. A ranar 1 ga Satumbar 1983 jirgin fasinjan Koriya ta Kudu mai lamba 007 ya saki hanya ya shiga sararin samaniyar Sobiyet, aka harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin, mutum 269 suka halaka. Bayan mako biyu gwamnatin Ronald Reagan ta yi alkawarin cewa idan GPS ya kammala, jiragen farar hula na duniya za su amfana da shi.

Abin mamaki, wanda ya fara yi wa na'urar farar hula ƙarya shi ne mai tsarin. Saboda tsoron kada abokan gaba su ci moriyarsa, sojojin Amurka suka riƙa gurɓata siginar farar hula da gangan, har kuskure yakan kai mita 100. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 dabarar ta juyo kansu, domin na'urorin soja sun yi ƙaranci, dakarun da ke ratsa hamada suka koma ga na kasuwa, dole aka dakatar da gurɓatawar na wani lokaci. Shugaba Bill Clinton ne ya kashe ta baki ɗaya a farkon Mayun 2000. Daga nan GPS ya kutsa ko'ina. Ya shiga wayar hannu da motar haya da kwalekwalen masunci, ya kuma shiga inda ido ba ya gani, domin turakun sadarwa da bankuna da tashoshin rarraba lantarki da yawa daga gare shi suke saita agogonsu.

Raunin tsarin yana cikin nisansa. Ƙarfin da tauraro yake aiko saƙo da shi bai fi na ƙwan lantarkin ɗaki ba, kuma kafin ya iso ƙasa ya dusashe har ya nutse a ƙarƙashin hayaniyar rediyo da ke cikin sarari. Na'urar tana tsamo shi ne domin ta san salonsa tun da farko, kamar yadda uwa take tsinto kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa. Saboda haka duk wanda ya tsaya kusa ya yi ihu a kan wannan zango, ya kurumtar da ita. Cibiyar Volpe ta Ma'aikatar Sufurin Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a wani rahoto da aka fitar ranar 10 ga Satumbar 2001. Washegari aka kai hare-haren New York da Washington, hankalin hukumomi ya koma wani wuri.

Misalin da ya fi shahara ya zo ne daga filin jirgin saman Newark. Daga ƙarshen 2009 wata sabuwar na'urar taimaka wa jirage sauka ta riƙa ɗaukewa ba gaira ba dalili. An shafe watanni ana bincike kafin a gano cewa masu laifin direbobi ne da ke wucewa a babbar hanyar da ke gefen filin. Wasunsu suna maƙala wata ƴar na'ura a cikin mota domin kada uban gidansu ya san inda suka kai motar kamfani. A 2013 an ci tarar wani direba dala 31,875 a kan irin wannan laifi. Shi ba filin jirgi ya nufa ba, kansa kawai yake ɓoyewa.

A ganina kurumtarwa, duk da haɗarinta, maƙiyi ne mai zuwa a fili. Na'urar da aka toshe wa kunne takan ce ba ta san inda take ba, matuƙi ya koma ga taswira da kamfas da idonsa. Babbar musiba ita ce siginar da ta zo cikin rigar tauraro alhali daga ƙasa ta fito. Hausa tana da sunan da ya dace da wannan tun kafin a ƙera na'urar, wato sojan gona, kuma ban ga dalilin aro wata kalma ba.

An daɗe ana ɗaukar sojan gona a matsayin abin da sai manyan ƙasashe za su iya. Todd Humphreys da abokan bincikensa suka rushe wannan zato a 2008, lokacin da suka bayyana wata na'ura da suka haɗa wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Dabarar tana da natsuwa irin ta gwanin ɓarawo. Da farko na'urar takan kwaikwayi siginar gaskiya daidai wa daida, cikin murya ƙasa-ƙasa. Sannan ta ɗaga murya kaɗan-kaɗan har ta rinjayi ta tauraro, na'urar da ake hari ta koma bin ta ba tare da ta ji wani sauyi ba. Daga nan sai a riƙa jan ta taku bayan taku zuwa inda ake so. A Yunin 2012 Humphreys, wanda a lokacin yake Jami'ar Texas da ke Austin, shi da ɗalibansa suka gwada wannan a filin gwajin makamai na White Sands a gaban jami'an gwamnati. Suka sa wani ƙaramin jirgi marar matuƙi ya zaci yana hawa sama, shi kuwa garin gyara tsayuwarsa ya nufo ƙasa.

Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na shekarar da ta biyo baya. A Yunin 2013, da izinin masu shi, suka hau wani jirgin ruwan alfarma mai suna White Rose of Drachs, mai tsawon mita 65, wanda ya taso daga Monako zai je tsibirin Rodes a Bahar Rum. A wajen gaɓar Italiya suka kunna na'urarsu, suka sa allon matuƙa ya nuna wai jirgin ya ɗan kauce daga hanya. Matuƙan suka gyara, kamar yadda aikinsu ya tanada. Wannan gyaran shi ne kaucewar. Allo yana nuna miƙaƙƙen layi, sawun da jirgin ya bari a kan ruwa kuwa ya tanƙware, kuma babu ƙararrawar da ta kaɗa. Ba a taɓa sitiyarin jirgin ba, da hannun matuƙansa aka karkatar da shi.

Tsakanin waɗannan shekaru ne, a Disambar 2011, Iran ta kama jirgin leƙen asirin Amurka samfurin RQ-170, aka kuma ruwaito daga ɓangarenta cewa da sojan gona aka sauko da shi, ko da yake masana da dama sun yi tababa. Zuwa 2016 mazauna birnin Mosko sun saba ganin wayoyinsu na kai su filin jirgin Vnukovo duk lokacin da suka kusanci fadar Kremlin. Sai kuma abin da ya faru a Bahar Aswad. Abin da ya fara a ɗakin bincike ya zama kayan aikin gwamnatoci.

Ba kullum ne ake samun mai laifi ba. A ranar 26 ga Janairun 2016, yayin da ake yi wa wani tsohon tauraron GPS ritaya, kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan ya shiga saƙon lokaci na wasu taurarin, har ya taɓa wasu tashoshin rediyon zamani na BBC. Tsarin GLONASS na Rasha ya rikice na kusan awa 11 a Afrilun 2014, Galileo na Tarayyar Turai kuma ya tsaya kusan mako guda a Yulin 2019 saboda matsalar kayan aikinsa na ƙasa. Rana ma tana da nata. Wata fashewa da ta auku a jikinta ranar 6 ga Disambar 2006 ta kurumtar da na'urori masu yawa a ɓangaren duniyar da ke fuskantar ta.

A nan ne lamarin ya taɓo yankinmu kai tsaye. Akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki can sama, da ake kira ayonosfiya, wanda dole sigina ta ratsa shi. A sararin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kamar sauran wuraren da ke kusa da tsakiyar duniya, wannan rufi yakan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Satumba, sigina ta riƙa rawa har na'ura ta saki tauraro. Shi ya sa tsarin gyaran sigina da aka auna da sararin Turai ba ya zama daidai a nan sai an sake masa lissafi. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wadda Nijar da Kamaru da Chadi suke cikinta, ta fara watsa siginar gyara ta gwaji a 2020 ta kan tauraron NigComSat-1R na Nijeriya.

Duk binciken da ya biyo baya ƙoƙari ne na koya wa na'ura shakka. Dabarar farko, wadda jiragen sama suka daɗe da ita, ta ƙara shaidu ce: da tauraro na biyar na'ura takan gane akwai mai kuskure, da na shida ta fitar da shi. Amma wannan yana aiki ne idan maƙaryaci ɗaya ne a cikin masu gaskiya. Mai sojan gona kuwa shi yake magana da bakin shaidun duka, maganarsu kuma ba ta saɓa wa juna. Sai masana suka koma ga abin da yake da wuya ya ɓoye, wato inda muryar take fitowa. Taurarin gaskiya a warwatse suke a sama, na ƙarya kuwa yawanci daga kusurwa ɗaya suke zuwa, kuma eriya mai kunnuwa da yawa tana iya bambancewa. Wasu kuma sukan gwada abin da GPS ya ce da na'urorin da ke jin motsi da juyawa a cikin jirgin kansa, waɗanda ba sa sauraren kowa.

Turawan Galileo sun bi wata hanya, suka sa wa saƙon farar hula hatimi, irin wanda sarki yake buga wa wasiƙa. Tsarin, mai suna OSNMA, an fara gwada shi a fili a 2021. Tauraro yakan aiko saƙo da hatiminsa, sai bayan ɗan lokaci ya aiko mabuɗin tantancewa, ta yadda mai ƙirƙirar ƙarya ba zai riga shi ba. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai hatimi yana tabbatar da abin da wasiƙa ta ƙunsa ne, ba ya faɗin ko manzo ya tsaya a hanya. Wanda ya naɗi siginar gaskiya ya sake watsa ta da ɗan jinkiri yana iya yin ɓarna, tunda tsarin duka a kan auna jinkiri aka gina shi.

Amurka ta rufe tsohon tsarinta na Loran-C, mai aiki da turakun rediyo a ƙasa, a 2010, bisa ganin GPS ya wadatar. Bayan shekara 14, a ƙarshen Afrilun 2024, kamfanin Finnair na ƙasar Finlan ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya na tsawon wata guda, bayan katsalandan ga sigina ya sa jiragensa biyu sun juya ba su sauka ba, domin hanyar sauka a filin ta dogara ga GPS. Jiragen sun dawo a farkon Yuni, bayan hukumomin Estoniya sun tsara wata hanyar da ke aiki da tashoshin rediyo na ƙasa, irin waɗanda matuƙa suke bi tun kafin a harba tauraron GPS na farko.