Baƙin Cikin Dattijo a Gadon Asibiti: Darasi Daga Tarihi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin Kazaure ko na Babura ya san irin dattijon nan: ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya ƙaurace wa abinci, yana cewa ya zame wa 'ya'yansa kaya. Mu kuwa sai mu ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Magabata ba haka suka fahimci lamarin ba.

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya kasa baƙin ciki gida biyu. Na farko mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, ana tausasa shi da nasiha. Na biyu yakan auka wa mutum ba tare da dalili bayyananne ba. Tushensa a jiki yake, kuma magani yake bukata.

A ƙasarmu ma, a 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowane majinyaci tare da ɗan'uwansa, domin ya gane kusancin dangi ɓangare ne na waraka.

Saboda haka mu zauna da tsofaffinmu, mu riƙa neman shawararsu kan al'amuran gida, su san har yanzu ana jin maganarsu. Idan shirun ya daɗe, a sanar da likita.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, amin.