Kalmomin Kusanci a Bakin Baƙo: Nazari a Kan Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mazauna Talata Mafara da Bakura da Maradun ke karɓar kalmar nuna ƙauna idan ta fito daga bakin wanda ba su sani ba. An dogara da lura da zantukan yau da kullum a kasuwa da tasha da wuraren jinya, tare da ayyukan masana da suka gabata. An fahimci cewa mai sauraro kan auna matsayin da kalmar ta ajiye shi kafin ya auna zaƙinta. Kalmar dangantaka kan ɗora wa mai faɗinta nauyi, shi ya sa ake karɓar ta. Kalmar soyayya kuwa tana nema masa haƙƙin da ba a ba shi ba.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin nan uku suna yammacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yanki ne da ya saba da baƙi. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Talata Mafara, kasuwar ranar Talata na tara fatake daga nesa, aikin madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ya jawo ma'aikata daga sassa da dama, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau na kawo ɗalibai duk shekara. A irin wannan wuri, kullum sai mutum ya kira wanda bai san sunansa ba. Da me zai kira shi, kuma yaya wanda aka kira zai ji?

2.0 Waiwaye

Brown da Gilman (1960) sun nuna cewa zaɓin kalmar kira na bin ma'auni biyu: iko da kusanci. Brown da Levinson (1987) sun ƙara da cewa kiran mutum da kalmar 'yan gida dabara ce ta sassauta buƙata kafin a gabatar da ita. A ɓangaren Hausa, Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya da ladabi da mutunci cikin siffofin mutumin kirki, Newman da Ahmad (1992) kuma sun fayyace ƙirar sunayen shagwaɓa. Sai dai sunayen shagwaɓa na waɗanda suka san juna ne. Abin da ya fi amfani ga wannan nazari shi ne bayanin alkunya da ke cikin Baba of Karo na Mary Smith (1954), inda aka ga yadda uwa ke kauce wa sunan ɗanta na fari.

Wannan al'ada tana nan da ranta a yankin. Matan aure da yawa ba sa ambaton sunan miji, sai dai "maigida" ko "malam". Miji ma da wuya ya furta wa matarsa kalmar so a gaban mutane. To al'ummar da ta ɓoye wannan kalma tsakanin ma'aurata, ba abin mamaki ba ne ta ɗauke ta da nauyi idan baƙo ya jefa ta a bainar jama'a.

3.0 Kalmomin da Ake Karɓa

Kashi mafi girma shi ne na sunayen dangi: Baba, Inna, Kawu, Gwaggo, Yaya, ƙanena, ƙanwata, ɗana, ɗiyata. A rumfar mai hatsi za a ji dattijo ya ce wa budurwar da bai taɓa gani ba, "Ɗiyata, mi za a auna miki?" Ba za ta ɗaure fuska ba. Galibi ma takan rage murya ta amsa da "Baba", ta ɗan rusuna. Cikin kalma biyu sun ƙulla yarjejeniya: shi ba zai tauye mata mudu ba, ba kuma zai yi mata kallon da uba ba ya yi wa 'yarsa, ita kuma ba za ta ɗaga masa murya wajen ciniki ba. Idan ya saɓa, jama'ar wurin na da abin da za su kama shi da shi: "Kai da ka kira ta ɗiyarka?"

Wannan nauyi shi ne, a ganina, asirin karɓuwar kashin. Wanda ya ce "Inna" ya mai da kansa ɗa, wato ya sauko. Wanda ya ce "ɗana" ya hau sama, amma ya ɗauki alhakin tausayi. Yaron mota da ya ce "Inna, kawo kayan" ya wajabta wa kansa ɗora mata buhun. Akwai kuma wani dalili da ke sauƙaƙa abin: sunayen dangi sun riga sun zama laƙabi a gidaje. Yaron da ya ci sunan kakansa ana ce masa Baba ko Abba, yarinya kuma Inna ko Ummi, don haka kunne ya saba jin su a wajen ma'anarsu ta asali.

Duk da haka kashin na da tarkonsa, wato shekaru. Matar da ba ta wuce talatin ba takan ji zafi idan saurayin da suka kusa sa'a ya ce mata "Inna" ko "Mama", har ta mayar masa da "Ni na haife ka?" 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa suke fakewa da "Hajiya" da "Alhaji" ko da mutum bai taɓa zuwa Makka ba, ko kuma "amarya" ga duk matar da ta yi kwalliya. Kowa ya san daɗin bakin ciniki ne, ba a kuma riƙe shi a zuci. Wanda ke son zama lafiya gaba ɗaya sai ya ce "Malam", "Malama", "bawan Allah" ko "baiwar Allah". Waɗannan ba su da zaƙi sosai, amma ba a taɓa jin sun jawo rigima.

4.0 Kalmomin da Ake Ƙi

Kashi na biyu ya haɗa da masoyiya, sahiba, kyakkyawa, rabin raina, da na aro irin su bebi da habibti. Sun bazu ta hanyar littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980, da finafinan Hausa, sannan wayar hannu. Idan saurayi ya tare budurwa da ɗaya daga cikinsu a bakin hanya, amsar da aka fi ji ita ce shiru da sauya hanya, ko "Malam, lafiya?", ko "Ka san ni ne?" Idan matar aure ce, maganar kan wuce ta, ta isa ga miji da 'yan uwa, domin ana ganin an taɓa mutuncin gida ne.

Abin lura shi ne fushin ba ya tsayawa ga mai magana. Budurwar kan ji tsoron abin da masu kallo za su ɗauka: kada a ce da ma sun saba. A garin da kowa ya san gidan kowa, kalma ɗaya na iya bin yarinya har ranar da za a zo binciken aurenta. Shi ya faɗi abinsa ya wuce, ita ce za ta zauna da shi. Wannan rashin daidaito ne ya sa nake ganin bai kamata a kira ɗabi'ar wasan samartaka ba. Cutarwa ce, ko da mai yin ta bai nufa ba.

Tsarin Shari'a da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Gusau a watan Oktoban 1999 ya ƙara wa wannan iyaka ƙarfin hukuma, har aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata a farkon lamarin. Amma iyakar ta girmi dokar. A cikin tarbiyyar gida take.

Kwatanci da wasu al'ummu na nuna cewa ba ma'anar kalma kaɗai ke aiki ba. A arewacin Ingila mai kanti kan kira abokin cinikin da ba ta sani ba da kalmar da ke nufin ƙauna, ba wanda ya damu. Alhazanmu ma sun saba jin "habibi" tsakanin maza a kasuwannin Makka da Madina. A can yawan amfani ya rage wa kalmomin kaifi. A nan kaifinsu na nan.

5.0 Inda Dokar ke Sassautawa

Akwai wanda aka yafe wa. Tsohuwa mai sayar da daddawa na iya ce wa saurayin da ba ta sani ba, "Angona, yau ba cefane?", shi kuma ya ce, "Ai na sake ki, kin tsufa," kowa ya yi dariya. Tsoho ma kan ce wa ƙaramar yarinya "amaryata". Sun ari rigar wasan kaka da jika ne, kuma tazarar shekaru ce ke tabbatar wa kowa cewa wasa ne. Da zarar tazarar ta ragu, misali magidanci ɗan shekara arba'in ya faɗa wa budurwa haka, wasan ya ƙare, an koma kashi na biyu. Haka taubasantakar ƙabilu, irin ta Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarbawa, ke ba baƙo lasisin zolaya da zarar an gane asalinsa. Tsakanin mata su kaɗai kuwa, "ƙawata" da "'yar uwa" suna wucewa ba tare da an ɗaga gira ba.

6.0 Tasirin Rashin Tsaro

Shekarun baya-bayan nan sun taɓa ko da kashin da ake karɓa. A 2021 kaɗai an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun a farkon Satumba. A wannan watan aka katse layukan waya a jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto ya shiga zukata. Mutanen da suka tashi da karin maganar "baƙonka annabinka" sun koma auna baƙo kafin su sake da shi. Wanda ya cika "ɗan uwana, ɗan uwana" sannan ya shiga tambayar gidan wane da yawan shanun wane, yanzu zaƙin bakinsa shi ke tona shi. 'Yan damfarar waya ma da "Hajiyata" da "Babana" suke buɗe magana, har mutane sun fara ɗaukar kusancin gaggawa a matsayin alamar haɗari.

Waɗanda wannan sauyi ya fi cutarwa su ne mutanen ƙauyukan da aka tarwatsa, waɗanda suka shigo manyan garuruwan uku ba su san kowa ba. Dattijon da a garinsu ake durƙusa masa ana "ranka shi daɗe", yau yana layin karɓar magani ana ce masa "kai, matsa can". Ga irin wannan mutum, ma'aikaciyar jinya da ta ce "Baba, zauna nan" ta mayar masa da wani abu daga matsayin da ya baro. Saboda haka ya dace masu horar da ma'aikatan lafiya da na rabon agaji a yankin su sanya kalmomin kira cikin abin da suke koyarwa: a kira babba da sunan dangi ko na girmamawa, a kira sa'a da Malam ko Malama, a tambayi mace sunan da take so a kira ta da shi kafin a rubuta katinta.